Lamba Arba'in da Ɗaya Ba Gona Ba Ce

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan gaya wa in ba kai ba?

Gida lafiya. Inna ta daina ware maka tuwo. Albasar da ka shuka a ƙasan dam ɗin Tiga ta yi kyau, mun kwashe.

Ofis ne ba lafiya. An kawo sabuwar kwamfuta, Manaja ya ce in mayar da shirin rabon ruwan da ka rubuta da yaren kwamfuta na Smalltalk zuwa wani yaren, C++, kafin Litinin, ranar sakin ruwan rani. Ka san halin yaren naka, duk abin da ka jefa cikin jerin masu samun ruwa, in dai zai faɗi ranarsa da yawan ruwansa, ba ruwansa da ko mene ne. Wannan sabon kuwa ɗan sanda ne, sai ka faɗi irin kowane abu kafin ya motsa. Na ce wa sabon yaren duk abin da ke jerin gonaki ne, kowace da ekarta. Da na zo lamba arba'in da ɗaya sai ya ƙi, don ba ta da eka ko ɗaya.

Yaya, ashe mashayar shanun rugar Ardo ka cusa cikin gonaki? Shekara huɗu ana sakar musu ruwa duk Alhamis, ba wanda ya sani. Shi ya sa shanu suka daina fasa magudana suna faɗa wa albasar mutane, aka daina zare adda. Me ya sa ba ka gaya mini ba? Don ka san bakina ba ya riƙe magana?

Bari in faɗa maka gaskiya. Jiya na goge mashayar daga jerin, shirin ya tafi sumul. Na yi la'asar ban san raka'a nawa na yi ba. Na so in ƙaga mata ekar ƙarya, sai na tuna kai ba ka yi ƙarya ba, shiru kawai ka yi. Ni yaren nan bai bar mini shirun ba.

Yau na mayar da ita da sunanta, Mashaya. Haka za ta fito a takardar da Manaja zai sa wa hannu, mutumin da ya rantse ruwan nan na manoma ne kaɗai. Ko ya yarda, ko ya sallame ni. Tsoro nake ji, wallahi. Gobe da safe zan kai masa.

Allah Ya haskaka kabarinka.

Ƙaninka da ka bar wa lamba arba'in da ɗaya,
Sabi'u