Rijiyar Sadakar Baba

Tambuwal, 6 ga Afrilu

Hajiyata Bara'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Yaya jikarmu Ruwaida, wadda ta ce ta sake ni don na hana ta alewa? Na zaɓi takarda ne saboda a wayar Kebbe rabin magana kan maƙale a hanya, wannan kuwa ba ta jin rabi ba ce.

Tun da kika tafi jinya ni ke cika randa da kaina. Ban iya turara ta da kajiji yadda kike yi ba, sai dai in ɗauraye in zuba. Kwana uku ke nan ruwan yana yi mini ɗanɗanon kalanzir. Na zargi moɗa, na zargi harshena. Jiya na ja guga daga rijiyar ƙofar gida, wadda na gina sadaka ga marigayi Baba, na ajiye shi a rana. Sai ga wani maiƙo mai launin bakan gizo ya taso a kai.

A nan na tuna cewa kafin mu sayi filin nan, a cikinsa Tambaya mai bumburutu yake binne duro-duron fetur. Shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ruwa ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ina zane wanda bai gane ba. Ga malamin ya gina rijiya taki ashirin daga ramin Tambaya.

Na kira Gazali, tsohon ɗalibina da ke aikin gwajin ƙasa da ruwa a Sakkwato. Zai zo Laraba. Ki gaya mini gaskiya, kin taɓa jin wari a ruwan nan?

Ki gaishe da Inna da kyau.

Naki,
Na'Allah

Tambuwal, 15 ga Afrilu

Hajiya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan Inna ta fara cin abinci, ku ma kuna ƙalau.

Gazali ya zo da mutum biyu. Sun huda ƙasa wuri fuɗu kewaye da rijiyar, suna ɗibar ƙasa da ruwa a kwalabe. Suna da wata na'ura mai shinshina, idan ta ji fetur sai ta yi tsuwa. Bayan katangar yamma ta yi ta kuka har suka kashe ta. Da aka tona wurin, duro uku aka tarar, tsatsa ta cinye gindinsu. Atiku mai shayi yana gani ya shiga shela wai Allah ya ba ni rijiyar mai, har yana neman in tuna da shi. Na yi dariya.

Gazali ya ce kada kowa ya ƙara sha sai sakamako ya fito. Na sa murfi da kwaɗo.

Amsarki ta same ni, na karanta ta sau uku. Kin ce shekara biyu kina jin warin, sai kika riƙa ƙara kajiji, don ba ki iya buɗe baki ki kushe sadakar surukinki a gaban ɗansa. Ban yi fushi ba. Na tambayi Iya Batula maƙwabciyarmu, sai ta sunkuyar da kai ta ce duk matan layin nan sun daɗe da sani. Kowacce ta ƙara turare a randarta ta yi shiru, don ba a aibata ruwan sadaka. Gida goma sha ɗaya, Hajiya. Kara suka yi mini, ni kuma ina wucewa ina amsa addu'a.

Abin da ya tsaya mini a rai Ruwaida ne. Tun da aka yaye ta aka kawo mana, ruwan nan take sha. Haɓon da take yawan yi muna cewa zafi ne, yana nan?

Mijinki,
Na'Allah

Tambuwal, 28 ga Afrilu

Hajiya,

Ina gaishe ku, ina tambayar jikin Inna. 

Sakamako ya fito. Akwai wani sinadarin fetur a ruwan, irin wanda ke lalata jini a hankali ba tare da mutum ya ji ba, kuma ya wuce kima nesa. Na tambayi Gazali ko a yashe rijiyar. Yaron da ba ya iya kallon idona a aji ya kalle ni ya ce, “Malam, ba rijiyar ce ta ɓaci ba, ƙasar ce. A rufe ta, kuma a duba jinin yara.”

Bayan la'asar na miƙe a masallaci na faɗa wa jama'a komai. Na so a ce wani ya zage ni. Babu wanda ya yi. Liman ya ce Allah niyya yake dubawa, na gode masa, amma na san ba niyyata za a auna a asibiti ba.

Asabar za mu kai yara goma sha tara Sakkwato. Ruwaida ce ta ashirin. Kin ce ta yi haɓo sau biyu a makon nan, don haka ki bar Inna a hannun ƙanwarki Anisa, ku shigo motar farko ranar Juma'a. Kada ki gaya mata allura ce, ki ce mijinta ne ke biko.

Yau da safe magini ya zo ya zuba siminti. Ya tsaya a kan sunan Baba da ke rubuce a bakin rijiyar, yana tambaya ko a bar shi. Na ce ya kankare. Ya ce to me za a sa a madadinsa? Na karɓi ƙusa na rubuta da hannuna tun simintin yana ɗanye: Kada a sha. Na'Allah ne ya gina.

Ku taho da wuri, don Allah.

Naki mai jiran ku,
Na'Allah