Na kawo wa Baba tirelar tafiya, unguwa ta zo min ta'aziyya

Saƙon wani ɗan guruf ne, ya ce a ɓoye sunansa.

Assalamu alaikum 'yan uwa, manya da ƙanana. Admin na gode da ka ɗora min wannan. Don Allah ku ba ni shawara, wanda kuma ya san dariya ce za ta kawo shi to ya wuce kawai, wadda aka yi min a unguwa ta ishe ni har ƙarshen shekara.

Ni direba ne, haifaffen Zongon Kumasi, gidanmu yana wajen Akwatialine. Ina da mota fo-bai-fo, irin mai shiga daji, tsohuwa ce amma ba ta taɓa ba ni kunya ba, da ita nake kwasar baƙi masu yawon buɗe ido in kai su arewa su ga giwaye da tsofaffin masallatai in dawo da su. Na daɗe ina sha'awar tirelar kwana, wato ƙaramin ɗakin nan mai taya biyu da ake ɗaura wa mota a baya, duk inda ka gaji a daji sai ka tsaya ka kwanta a ciki. Da can don aiki nake son ta, kuma ban matsu ba. Abin da ya sa na matsu yanzu mahaifina ne.

Kakanmu mai koro shanu ne daga arewa zuwa Kumasi a ƙasa, tun zamanin da ba a loda su a mota. A wata tafiya irin wannan ce mahaifiyar Baba ta kwanta ciwo a wani ƙauye can bayan Salaga, Allah ya yi mata rasuwa, aka rufe ta a nan, aka wuce da Baba yana ƙaramin yaro. Sau ɗaya ya taɓa komawa yana saurayi, daga nan hidimar iyali ta riƙe shi. Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, tun da ya fara samun bakin magana kuwa ba shi da zance sai na wannan kabarin. Ya ce ba ya roƙon mu komai, shi dai a kai shi ya tsaya a kan uwarsa ya yi mata addu'a kafin a kira shi. Ni ne na dafa gwiwarsa na ce Baba in dai ina numfashi zan kai ka.

To faɗa da sauƙi. Baba ba ya iya dogon zama, in ya ɗan jima a kujera sai ƙafa ta kumbura bayan ya riƙe, dole a kwantar da shi. Ga maganar banɗaki, wadda ita ce babba, don mutum ne mai kunya ƙwarai, gara ya ƙi cin abinci wuni guda da a ce wani bare ya ga ana gyara shi. Hanyar kuma duk wanda ya sani ya sani, Ejura, Atebubu, Yeji, a jira fantun, jirgin fito, ya haye da mota ruwa, sannan Salaga, daga can kuma sai jar ƙasa da ramuka, babu masauki babu komai. Shi ya sa na ce tirela ce maganin abin. Ba wai a cikinta zai yi tafiyar ba, wannan ganganci ne, a mota zai kasance kusa da ni an kwantar masa da kujera. Amma duk inda ya gaji sai in tsaya in shigar da shi, ya miƙe a gado, in rufe ƙofa in gyara shi ba wanda ya gani.

Na yi yawo har na gaji, guda biyu kawai na samu da ƙarfina zai kai. Ɗaya tana Kwadaso a yadin wani mai shigo da kayan hom-yus, wato na hannu daga Turai. Ita ce mafarkin kowane direba, tayoyinta manya, cikinta ya yi sama ba ta taɓa ƙasa, ba nauyi, za ta bi ni ko cikin rafi ne. Sai dai wurin kwananta tanti ne a can sama, da tsani ake hawa, mutumin da ba ya iya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa ina shi ina tsani? Ɗayar tana Oforikrom, ta wani ne da ya yi aiki da masu awon ƙasa. Wannan rufaffen akwati ce doguwa, fara, ƙofarta a baya kuma ƙasa-ƙasa, da gado a ciki da tankin ruwa da rumfa da ake warewa a gefe. Tana da nauyi, sifirin ɗinta na ƙarƙashi da ke ɗaukar nauyi ma ya gaji, amma ita ce daidai Baba. Matsalarta ɗaya, gadon gajere ne, Baba kuwa dogo ne sosai.

Na kai maganar wa Masta Kwaku, mai waldar da yake min aiki a Magazin, unguwar makanikai. Ya ce ƙara tsawon gado ba wani abu ba ne, in dai kawo masa awon tsohon. Na dawo gida da rana na tarar Baba yana barci, na nemi tef na rasa, sai na kwance igiyar shanya na miƙa ta daga kansa zuwa tafin ƙafarsa na ƙulla alama. Wallahi ko kaɗan ban kawo komai a raina ba, ni da na sha ganin yadda ake auna mamaci a kai wa masu haƙa. Ina cikin ƙullin ya buɗe ido, ya dubi igiyar ya dube ni, ya mayar da idonsa ya rufe.

Mai tirelar Oforikrom ya yarda in ja ta in gwada. Sai na zaɓi safiyar Asabar, ku ji fa, Asabar, a garin Kumasi, ranar da ko'ina ake kafa rumfunan zaman makoki. Lungunmu ba ya cin mota, don haka na faka ta a bakin lungu, na wangale ƙofar baya, na ware rumfar, na aro kujerun roba na jera a ƙarƙashi wai don abokan Baba su zauna su gani su sa albarka. Ni duk a tunanina zan faranta masa rai ne. Na shiga gida in shirya Baba kenan, na fara jin salati daga waje.

Kowa a unguwa ya san Baba yana kwance. Sun ga farar doguwar akwati ƙofa a buɗe, sun ga rumfa kamar kanofi na makoki da kujeru, me kuke so su ce? Kafin in fito tsakar gida ta cika. Maame Akosua mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan, wadda muke maƙwabtaka tun ina yaro, har ta ɗaura baƙin zane, ta riƙe hannuna tana min ta'aziyya da yarensu, "due o, due, Baba ya yi ƙoƙari paa." Dattawan masallaci sun zauna a kujerun suna tambayar ƙarfe nawa za a yi salla, wani har ya aika a gaya wa ladan. Yayata Rabi kuwa wani ya buga mata waya tana kasuwa, ta zo a tasi ba takalmi, ta faɗi a ƙofar ɗaki tana kiran Baba. Duk wannan Baba yana kwance a ɗakinsa, taga a buɗe, yana jin ana yabon halinsa ana cewa Allah ya sa ya huta.

Da gaskiya ta fito sai kuka ya koma dariya, har yau in na wuce majalisa sai wani ya ce ga mai gaggawar gado nan. Wannan bai dame ni ba, bakinsu ne. Abin da ya kashe min jiki shi ne da mutane suka watse Baba ya kira ni, da bakinsa da ba ya fita sosai ya ce, "Ka auna ni, ka kawo akwati, ka kafa kanofi. Saura mene, wanka?" Na durƙusa na yi rantsuwa na yi bayani, ya ce ya sani, ya san ba mugunta ba ce. Amma ya ce shi abin da za a sa shi a kwance ta ƙofar baya a rufe, sau ɗaya zai shige shi, kuma ba da ransa ba.

Tun ranar babu dabarar da ban yi ba. Na ce zan sake mata fenti, shuɗi ko ja ko duk wanda yake so, ya ce akwati akwati ne. Na roƙi limamin unguwarmu, abokinsa ne, ya zo ya zauna da shi ya nuna masa wannan camfi ne kawai, kwana ba ya ƙarewa don an shiga tirela. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya ce Malam ka fi ni sani, amma kai ba ka ji ana yi maka ta'aziyya da kunnenka ba. Na mayar da tirelar Oforikrom, mai ita kuma yanzu yana ta kira na wai akwai wani mai so, in faɗa masa matsayata.

Ni da Yaya Rabi ma mun yi kaca-kaca. Da farko cewa ta yi ni ba ni da hankali, mota ta cinye min ƙwaƙwalwa, na kusa kashe tsoho da baƙin ciki ita kuma na kusa sa ta haukace a tsakiyar kasuwa. Na ce mata ita da take zuwa sau ɗaya a mako da kular tuwo ba ita za ta koya min kula da Baba ba, na san na yi kaushi amma raina a ɓace yake. Bayan mun huce sai ta kawo tata shawarar, wai in saye ta a ɓoye, in sa wani direba ya ja ta ya jira mu a Atebubu, in Baba ya gaji a hanya ya ga ba yadda zai yi ai dole ya shiga. Na ce mata wannan tarko ne, a kai gurgu tsakiyar hanya a nuna masa abin da yake tsoro a ce ko ka shiga ko ka wahala. In jininsa ya hau a wurin fa, wane asibiti zan nufa da shi? Ta ce to in zauna ina tausayi har damina ta rufe hanya.

Kuma gaskiyarta ce, wannan ne ya hana ni sukuni. Hadari ya fara haɗuwa, in ruwa ya zauna sosai hanyar bayan Salaga ko fo-bai-fo ba ta shiga da tirela, sai kuma rani. Likitan da yake duba shi bai hana tafiyar ba, ya dai ce in za a yi a yi da wuri, kuma a riƙa hutar da shi a kwance. Na gane abin da yake nufi da da wuri. Masta Kwaku ya ce zai iya ƙera min wata daga farko, mai tamfol a gefe kamar rumfar kasuwa, ba rufin ƙarfe, a shiga ta gefe. Amma duk wanda ya taɓa ba da aiki a Magazin ya san in an ce maka mako mai zuwa to ka nemi wurin zama. Kuma tirelar da ba a taɓa gwadawa ba, in gatarinta ya karye mana a daji da mara lafiya, wa zan kira? Na yi tunanin in cire kujerun baya na motar in shimfiɗa katifa mu tafi haka ba tirela, sai na ga ai nan ma ta ƙofar baya zan sa shi a kwance, ga keken guragu da ruwa da bokitin lalura duk ba inda zan zuba su.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku shi ne Baba ya daina zancen tafiyar kwata-kwata. Da kullum sai ya tambaye ni an gyara mota, yanzu shiru. Shekaranjiya bayan la'asar ina matsa masa ƙafa sai ya ce in saurara da kyau, ya fara yi min kwatance. Ya ce in na wuce tsohuwar rijiya zan ga tsamiya, kabarin yana gabas da ita kusa da wani faffaɗan dutse. Na ce Baba ai tare za mu, kai za ka nuna min. Ya ce in riƙe dai. Jiya ya sake kira na ya maimaita, amma wannan karon ya ce yamma da tsamiyar, kuma ba rijiya ba ce, rafi ne. Na ce Baba jiya gabas ka ce. Sai ya ce in da ya ga wurin da idonsa zai gane. Na fita bayan gida na yi kuka kamar yaro, ni da 'ya'yana sun fara tasawa.

To jama'a ku gaya min. In saye ta Oforikrom in bi shawarar Yaya in yaudare shi, ko da zai ƙullace ni? In jira ta Masta Kwaku alhali ina ganin hadari? Ko akwai wanda ya san wata irin tirela mai ƙofa a gefe, ƙasa-ƙasa, da za ta iya jar hanya, a Kumasi ko Tamale ko Accra, ko haya ce? Masu jinyar tsofaffi kuma, yaya ake cire wa dattijo irin wannan abu daga zuciya? Gaskiya ni na fara cire rai, ji nake da hannuna na rufe masa hanyar da na yi alkawarin buɗewa. Duk duniya shi kaɗai ya rage da ya san inda matar nan take kwance, kuma shi ma wurin ya fara ɓace masa.