Na Toshe Hanyar Ruwan

Zongo, Lome

Yaya Ubaidullahi,

Assalamu alaikum. Ka yafe mini da na dame ka, kai da ke fama da ciwon ƙafa. Ya jikin? Ya Yaya Kulsum da yara a can Sokode? Allah ya ƙara sauƙi.

Maganar lambun Baba ce na Baguida. Tun da rijiyar ta ja baya, ƙaninmu Mudassir ya haƙa 'yar hanya, ya jawo ruwan kwatar masu wankin mota da na marina. Gaskiya shekarar farko latas ya yi kore shar, har matan kasuwar Hédzranawoé suna rububinsa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. A zauren Malam an karantar da mu cewa ruwa in launinsa ko warinsa ko ɗanɗanonsa ya sauya, ba a tsarki da shi. Wannan kuwa duka ukun sun sauya.

Bana ƙasar ta tona asiri. Fari-fari ya fito a kan kunyoyi kamar an barbaɗa kanwa, tana ko ɗaya babu. Karas ya ƙi sauka, bakin latas ya ƙone. Na ɗibi ƙasar na sa a harshe yadda Baba yake yi kafin shuka. Sabulu da gishiri, Yaya.

Kwandon farko da muka saba kaiwa masallaci na buɗa-baki, bana na hana. Abin da ba zan ajiye gaban mai azumi ba, ba zan sayar wa wata uwa ta ba 'ya'yanta ɗanye ba. Ranar Talata na hau zemijan, wato acaɓa, da fartanyata, na je na toshe hanyar ruwan da hannuna.

Mudassir ya ce zai tara dangi bayan sallar Juma'a a karɓe lambun daga hannuna, wai kuma kana bayansa. Na san yana da bakunan ciyarwa, shi ya sa ban ɗaga masa murya ba. Shawarata ita ce a yashe rijiyar, a zuba taki, a sa masara, damina ta wanke ƙasar. In Mudassir ya buɗe hanyar zan sake toshewa, ko sau nawa ne.

Ba izini nake nema ba, Yaya. So nake in san ko ni kaɗai ce ranar Juma'a. Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Adawiyya