Zan Iya Barin Ƙungiyar Marigayiya 'Yata?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki agaza mini da shawara, abin ya tsaya mini a wuya, kuma a gida ba wanda zan buɗe wa cikina ya fahimce ni.

Ni tela ce, ina da ɗan shago a bakin layinmu. Bara Allah ya karɓi autata bayan gajeriyar jinya. Yarinya ce mai son shuke-shuke tun tana ƙarama, ko gwangwanin madara ba ya tsira a gidanmu, sai ta huda shi ta cika da ƙasa. Da ta girma ta shiga wata ƙungiyar matasa masu dasa itatuwa. Ni kuwa tsokanarta nake yi, ina ce mata malamar gona.

Bayan rasuwarta na je na ce su sa ni a gurbinta. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, har da hawaye. Amma Anti, har yau ban taɓa riƙe shebur ba. Da na iso sai a kawo kujera cikin inuwa, a ce Mama ki huta. In baƙi sun zo a tashe ni, a ce ga mahaifiyar marigayiya, a ɗauki hoto. Kowane taro sai an sabunta mini ta'aziyya, in koma gida kamar ranar aka fita da ita.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne bishiyar da suka dasa da sunanta. Na ɗaura mata wani ƙyalle daga rigar yarinyar. Daga baya na ga ta fara yaushi. Da na sake komawa sai na tarar da ita koriya shar, har ta ƙara tsayi, ƙyallen yana nan amma ƙullin ba nawa ba ne. Tela ba ta manta ƙullinta. Ashe bushewa ta yi suka canza ta a ɓoye. Na ce masha Allah, na dawo shago na kifa kai a kan keken ɗinki na yi kuka mai isata.

Gaskiya ni itatuwa ba su taɓa shiga raina ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ledoji da guntayen yadi da muke zubarwa a bayan shaguna, su toshe kwata, a banka musu wuta, hayaƙi ya turnuƙe layi. Maigidana ya ce in na bar ƙungiyar kamar na juya wa yarinyar baya ne. Shi da ko sau ɗaya bai taɓa leƙawa ba! To in na tafi, wa zai riƙa tuna ta a can? In na zauna kuma, ina jin ƙarewa nake yi. Yaya zan yi?

Uwar malamar gona

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan autarki, ya sanyaya miki zuciya.

Ki fara yi wa yaran nan adalci. Su ma ƙawa suka rasa, kuma ba su san yadda ake zama da uwar da ke cikin wannan hali ba. Tsoron hawayenki ne ya sa suka canza bishiyar, ba raini ba. Sun yi kuskure dai, don sun ɗauke ki kamar ƙwai, alhali aiki kika je nema. Maigidanki kuma kada ki riƙe shi da zafi. Wataƙila zuwan da kike yi ne ke ɗauke masa nauyin zuwan da ya kasa.

Amma ke ma kin ɗauki abin da ba a ɗora miki ba. Kin je cike gurbin 'yarki, gurbin nan kuwa ba ya cikuwa, ko da ke kika haife ta. Ita ta bi abin da zuciyarta ke so. Ke ma kin san naki, tunda da kika zo kan maganar kwata da hayaƙi har rubutunki ya canza.

Ki tambayi abokan sana'arki da ma'aikatan tsaftar unguwa ko akwai ƙungiyar da ke aikin rage shara, musamman masu ɗinka jakunkuna da guntayen yadi don a rage leda. Kada ki je ranar taro. Ki je ranar aiki, ki ga ko hannayensu na yin datti, ki tambaye su me za su ba ki ki yi a ranar. In suka fara da maganar hoto, ki yi gaba. In babu irinsu kusa, ki jawo teloli biyu na layinku ku fara. Kuma ba dole ki ba su labarin rashinki ba sai kin ga dama.

Kafin nan ki kira shugabar matasan, ki gaya mata kin gane an canza bishiyar, kuma kin yafe. Ki riƙa leƙa su in kewa ta taso, a matsayin uwa, ba 'yar ƙungiya ba.

Tunawa da 'yarki ba a rajistar kowa take ba, 'yar'uwa. Duk inda kika je ke ce uwarta, kuma ba wanda zai iya canza miki wannan a ɓoye. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa albarka a abin da za ki fara.