Bagaruwa a Ƙafar Baba

Panshekara, Kano.

Zuwa ga Yaya Labaran,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi, Inna ta warke daga mura, Jamilu kuma ya samu aiki a kamfanin robobi na Sharada.

Yaya, maganar ƙafar Baba ce ta hana ni sukuni. Gyambon nan da ciwon suga ya jawo masa ya ci har kusa da ƙashi. Likita ya ɗora shi a kan wani sabon magani na shafawa. Ya ce a ɗakin bincike ake haɗa shi, irin sinadarin da jikin mutum yake fitarwa ne don sabuwar tsoka ta tsiro, jikin Baba ne ya gaza fitar da shi. Da farko mun ga haske, bakin ciwon ya fara yin ja. Sai kwatsam ya bushe, ya yi baƙi kamar ƙirgi.

Ashe Baba ne. Ka san wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jima a kamfanin fata na Challawa, gani yake ba fatar da za ta gagare shi. Ranar Talata na dawo daga kasuwa na tarar ya kwance bandejin, ya tsoma ƙafar a ruwan bagaruwa. Ya ce da ita ya gyara fatu dubbai, ba yaron da zai koya masa fata. Na kifar da ruwan, tun ranar ko gaisuwata ba ya amsawa.

Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce maganin yana kiran tsoka mai rai ta tsiro, bagaruwa kuwa tana ƙandarar da ita. Ya kankare wurin, ya sake farawa, ya ce in muka koma ya ga baƙin ya haura, daga gwiwa za a yanke. Ina jin tsoro, Yaya. Ni ban isa ba, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: na ga wata bagaruwar a aljihun rigarsa.

Kai ya koya wa jima, kai kaɗai yake saurara. Don Allah ka kira shi, ka yi masa magana irin ta majema. Ka tuna masa shi da bakinsa ya ce maka sai an feɗe ake jima, ba a jeme fatar da take jikin mai ita.

Inna tana gaishe ka, Jamilu ma. Ka gaishe min da Anti Khadijat, ka shafa min kan Abdulbaqi. Takalman Baba na Juma'a na goge su na ajiye, ƙafa biyu. Kada ka bari in ɗauko masa ɗaya.

Taka ƙanwa,
Halimatu Sa'adiya