Kwana Tara Ba Murya Bayan Aikin Ƙaba

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka yi mani aiki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka. Ni ne Malam Ɗanjuma, dattijo daga Kuki. Ban yi boko ba, ni ke faɗi ana rubutawa.

Na farko. Da kuka yi mani allurar barci, sai ga ni a burtalin da shanu ke bi daga Kuki zuwa Karofi, yadda yake zamanin mahaifina. Ciyawa har ƙirji, tsamiyar da aka sare tana tsaye, marigayin yana gaba, yana dafa itatuwan iyaka yana kiran sunayensu. Ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na farka sunayen na bakina, murya babu. Robar numfashin da kuka zura ta kankare mani maƙogwaro. Yawu kamar ƙaiƙayi, tari kuwa har ɗinki yake ja. Kwana tara. Ba wanda ya ce mani za a sa roba.

Na biyu. Kullum ma'aikaciya ta duba ɗinki, ta tambaya ko yana ciwo. In girgiza kai, ta rubuta lafiya. Wuya ba ya cikin takardarta.

Na uku. Ran kwana na shida aka zauna ƙofar mai gari kan burtalin nan, manoma da makiyaya. Ni kaɗai na rage da na san inda ya bi. Aka kai ni a amalanke, na buɗe baki, sai tari. Na nuna yammacin rijiya da sanda, aka ɗauka ƙishi nake ji, aka kawo mani ruwa. Aka kafa turakun iyaka gabas, tsakiyar waken wasu marayu.

Malam Sule na Kurfi, tsohon ma'aikacin jinya, ya ce robar girma-girma ce, kuma tana da ɗan balan-balan da ba a so a cika mashi iska, akwai kuma maganin kurkure maƙogwaro kafin aiki.

Ranka ya daɗe, ina roƙon a zaɓi roba daidai wuyan mutum, a sa ta a hankali, a ba da maganin, a riƙa tambayar wuya. Kun ce in dawo bayan kaka a yi ɗaya gefen. Lokacin ne za a sake zaman burtalin. In ba hali, ku bar mani ƙabata, zan ɗauke ta har in gama magana.

Allah ya ƙara wa hannunku albarka, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.
Malam Ɗanjuma, Kuki.