Ba Ruwan Juna

Mayagüez, Agusta

Mista Efraín,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Idalis ce, 'yarka, idan ka tuna. A wurin Kaka Herminia na samo adireshinka.

Ofishin tallafin karatu na jami'armu sun ce har yanzu a ƙarƙashinka nake, sai na kai ashirin da huɗu. Na ce Kaka ce ta raine ni tun rasuwar Mama, suka ce kaka ba ta cikin lissafi. Ko in kawo takardun harajinka da na matarka, ko shaidar cewa ba ruwanmu da juna. Fada Anselmo na cocinmu zai rubuta shaidar, amma yana son ji daga gare ka. Layi biyu kawai: ba ka ciyar da ni, ba ma magana. Idan watan Satumba ya ƙare babu, karatuna ya tsaya.

Na gode,
Idalis

Orlando, Agusta

'Yata,

Allah ya yi miki albarka. Na karanta, na sake karantawa, kaina ya ɗaure. Gwamnati ta ce ni ubanki ne, ke kuma kina so in rubuta cewa ba haka ba, don gwamnatin ta taimake ki? Wa ya ƙirƙiro wannan? Hannuna ba zai iya ba. Maganar haraji kuwa, Migdalia matata ta ce ba inda takardunta za su je. Ki bari in zo da kaina, ai magana fuska da fuska ta fi.

Babanki

Mayagüez, Satumba

Kaka,

Ki sa min albarka. Ya ƙafar taki?

Ɗanki ya zo fa. Kai tsaye ofishin ya nufa, da kwanon shinkafa da wake a leda, ina zaune gaban matar da ke duba takarduna. Ya rungume ni yana kuka, yana gaya mata ai ga hancinsa nan a fuskata. Matar ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Wannan ne wanda ba kwa magana da shi?"

Kaka, na rasa me nake ji. Haushi kamar in shaƙe shi. Amma mun zauna a bakin teku har yamma, na cinye shinkafar tas, kuma dariyarmu iri ɗaya ce, abin takaici. Ya tambaye ni ko har yanzu ina tsoron kaji.

Matar ta ce zuwa ɗaya ba zai goge shekarun baya ba, za ta karɓi shaidar Fada. Sai dai duk shekara za su sake tambaya, in muka ci gaba da hulɗa, ba tallafi sai da takardun harajinsa. Saura min shekara uku. Ke da kika haife shi, ki gaya min yadda zan yi da shi.

Jikarki,
Idalis

Utuado, Satumba

Idalis,

Allah ya yi miki albarka. Ƙafa da sauƙi. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya kawo shi, bai tashi kawo shi ba sai ranar da ba a so. Ni ma ban gane ba. Babanki ya tsaya wurin Fada kafin ya koma, ya rubuta layi biyun. A kicin ɗina ya kwana, ko loma bai ci ba.

Kakarki

Mayagüez, Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa. An ba ni tallafin. Na gode.

Na daina tsoron kaji tun ina aji biyar. Akwai sauran labarai da yawa, ina tara maka su.

Don Allah kada ka amsa wannan wasiƙar.

Idalis